Itatuwan da Baba ya bar mini a ƙarƙashin ruwa

An haife ni a 1972, shekara huɗu bayan ruwa ya cinye garin iyayena, don haka ban taɓa ganin garinmu da idona ba. Amma na bi ta kansa sau ba adadi. Duk ranar da na ɗauko fasinja daga tungarmu zuwa Wara, sai na ratsa ta saman kasuwar garin, in bar maƙabarta a hannun dama, in kauce wa wata kirya da Baba yake kira kiryar maƙera. Fasinja ruwa kawai suke gani. Ni kuwa tun ina ɗan shekara tara aka koya mini cewa akwai gari a ƙarƙashin ruwan nan, da hanyoyinsa, da itatuwansa a tsaye.

Ni direban jirgi ne a tafkin Kainji, ta ɓangaren Ngaski a jihar Kebbi. Mu nan ba mu cika cewa tafki ba, ruwa muke cewa. Tsofaffinmu kuwa har suka koma ga Allah Kwara suke kiransa, kamar ba su yarda an sauya masa kama ba. Babban ɗana ne ke rubuta wannan da nake faɗa, domin ni karatun allo na yi, bokona bai wuce in karanta lambar inji ba. Na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana, musamman in na iso wurin da na yi laifi.

Baba daga Sarkawa ya fito, su da kamun kifi kamar jini da tsoka. Inna 'yar Gungawa ce, mutanen tsibirai, waɗanda suke noman albasa a bakin kogi suna ban-ruwa da ƙwarya. Albasar Yauri da ake yabo, da hannun irin su Inna ta yi suna. A 1964 aka fara ginin madatsar Kainji, a 1968 aka rufe ƙofofinta ruwa ya fara hawa, shekara ɗaya bayan nan Janar Gowon ya zo ya buɗe ta. Mutum sama da dubu 40 aka tasa daga garuruwansu. Tsohuwar Bussa ma, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙasan ruwan nan, shi ya sa aka gina sabuwa. Baba ya ce da ma'auna suka zo suka kafa turaku masu fenti can gefen dutse, suka ce ruwa zai kawo nan, dariya aka yi musu. Wani tsoho ya ce in Kwara ta hau dutsen nan, shi zai shanye ta. Bai cika alkawari ba, Allah ya jiƙansa.

Gidajen da aka ba su na bulo da siminti ne, an jera su reras kamar haƙora. Inna ba ta taɓa son nata ba. Takan ce da rana tanda ne, da sanyi randa. Wutar da ake samu daga ruwan da ya ci gonarta kuwa har Yamai ake kai ta, mu da aci-balbal muka yi karatun dare. Ban kawo wannan don ƙorafi ba, an daɗe ana yinsa, waɗanda suka fi ni baki ma sun gaji.

Abin da ya shafi sana'ata shi ne itatuwa. Kafin ruwa ya zo an sare daji a wasu wurare an ƙone, amma ruwan da tsawonsa ya haura kilomita 130, faɗinsa a wani wuri ya wuce 20, wa zai share ƙasansa duka? Sauran aka bar su a tsaye ruwa ya rufe. Kuka da ire-irenta masu laushin jiki ba su jima ba suka ruɓe. Kirya da giginya da maɗaci da tsamiya kuwa suna nan. Kirya musamman, ruwa kamar ƙara mata taurin kai yake yi. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, in ka sa mata gatari sai ya yi tsalle.

Baba ya san su ɗaya bayan ɗaya, don a inuwarsu ya girma. Yakan sa ni a gaban kwalekwale da gora a hannu, shi yana baya da filafili. Sai ya ce, “Kai yaro, dubi ƙoƙon dutsen can. Jera shi da giginyar tudu. Sun haɗu?” In ce sun haɗu, Baba. Ya ce, “To, soka gorarka.” In soka, in ji ƙwas. Ya ce wannan tsamiyar gidan liman ce, a gindinta aka ɗaura auren kakarka. Gaba kaɗan maɗacin mahauta, sai giginyu uku da ake kira 'yan mata, sai kiryar maƙera. In na manta sunan ɗaya, filafili ne zai sauka a gadon bayana. A lokacin na ɗauka kewar garinsu ce ke damunsa, yana neman wanda zai taya shi. Sai da na kama hannun inji na gane taswira yake zuba mini a ka.

Wanda bai zauna da ruwan nan ba ba zai san cewa ba ya tsayawa wuri ɗaya ba. Sau biyu yake samun ƙari a shekara. Akwai farin ruwa, na daminarmu, mai laka, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, mai garau, wanda ya sauka tun a duwatsun Gini, ya yi ta yawo ta Mali da Nijar, ba ya iso mu sai cikin hunturu. Daga nan madatsa ta yi ta jan ruwa tana ba injinan wuta, har zuwa wajen Yuni da Yuli ya sauka kamar gaba biyar. Idan ruwa ya cika maƙil, kututture na can ƙasa, ka bi ta kansa lafiya. Idan ya ja sosai, ga kawunansu nan a fili kamar taron jana'iza, makaho ma ya kauce. Mugun lokaci shi ne tsakani, sa'ad da ruwa ke sauka ko yake hawa, kan kututture na ƙasa da fuskar ruwa da taki ɗaya. Ba ka ganinsa, shi kuwa yana jiran cikin jirginka. Hanyar da ka bi lafiya ranar Talata, Talata mai zuwa ita ce za ta fasa ka.

Shekarun farko an yi kifi kamar ba za a mutu ba. Falia ta yi yawa har ana rasa itacen banda. Mutane suka yi ta kwararowa, Nufawa, Zabarmawa, mutanen Mali da gurarsu, har da na kudu. Kafin in yi wayo abin ya ja baya. Lokacin da na isa riƙe taru, sai dala, babban tarun nan mai ƙananan idanu, ake ja ana kwashe warangi da 'ya'yan kifi gaba ɗaya, ga kainuwar nan mai shuɗin fure da ta sauko daga arewa tana toshe kwata. A ƙarshen shekarun 1990 masu binciken kifi na Sabuwar Bussa da wasu Jamusawa suka yi ta yawo tunga-tunga, har aka hana dala aka kawo lasisi. Ni dai tun 1988 na ga kifi ba zai riƙe ni ba, na bi wani maigida mutumin Yauri a matsayin yaron jirgi. Shekara shida ina kwasar ruwa da yankakkiyar jarka, ina toshe kafar katako da auduga da kwalta, ina shan zagi, kafin ya yarda in taɓa inji. A 2003 na yi nawa jirgin, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 na hannu, daga baya na ɗaura 75.

Babu abin da ban ɗauka ba. Buhunan shinkafa da masara, albasa, bandar kifi a kwali, awaki, shanu a ɗaure, babura, amarya da 'yan rakiyarta, mai naƙuda, gawa. Wara, Malale, Shagunu, Rofia, Yauri, duk an san ni. A wannan yanki jirgi shi ne mota, shi ne motar asibiti, shi ne gada.

Baba ya rasu a 2004. A jinyarsa ta ƙarshe yakan kira ni da dare ya ce in zauna, ya fara jero itatuwa daga arewa zuwa kudu kamar mai tilawa. Na hanyar Wara duk na haddace. Da ya gangara na kudu, wajen tsohuwar fadamar da ban cika bi ba, sai hankalina ya tafi kan kuɗin mai da farfelar da ta lanƙwashe. Ina cewa to, Baba, na ji, Baba. Ban ji ba.

Yanzu ga wurin da na ce kada a gyara.

Watan Satumba ne na 2014, farin ruwa na hawa. Ranar kasuwa, an tashi a makare don hadari ya tsare mutane da rana. Jirgina in an yi masa adalci mutum 40 ne da kayansu. Na loda shinkafa, na ɗora babura biyu, mutane suka shiga har na daina ƙirga a wajen 55. 'Yan kamasho na ta turo wasu suna cewa, direba, saura wuri a gaba. Na ɗaga hannu na ce ya isa. Sai ga wata tsohuwa da ƙullin kayanta a ka, tana jan jikarta, yarinya 'yar shekara shida haka. Ta ce, “Ɗana, don girman Allah kada ka bar ni in kwana a kasuwa da yarinya.” Na ce, “Inna, jirgi ya cika.” Ta ce, “Mu biyu nawa muke? Ko tsuntsu ya fi mu nauyi.” Aka yi dariya, na miƙa hannu na ɗauko yarinyar da kaina na zaunar da ita kan buhu.

Ba su biyun suka nutsar da jirgin ba, kada wani ya fahimce ni a karkace. Kafin su zo na riga na cika shi, bakinsa da ruwa bai fi tafin hannu ba. Kuma da na ga rana ta yi ja, ga mai ya yi ƙasa a jarka, sai na bar hanyar da na sani na yanke ta tsohuwar fadama. Na taɓa bi sau biyu da cikar ruwa ban ji komai ba. Ina tafe ina ƙoƙarin tuno abin da Baba ya faɗa game da wurin, abin da ke dawo mini kawai muryarsa ce, babu kalmomin.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar a fasa busasshiyar ƙwarya. Jirgin ya tsaya cak, mutane suka zube gaba, katako biyu suka buɗe ta ƙasa, ruwa ya taso kamar an tona rijiya. Jirgin da ba a cika ba yakan ba ka minti biyar ko goma ka yi dabara. Nawa bai ba ni ko ɗaya ba. Abin da Allah ya taimake mu da shi, akwai masunta kusa suna zuba kalli, kuma tudu bai yi nisa ba. Suka yo kanmu da kwalekwale bakwai ko takwas. Ni da yarona muka yi ta nutso muna turo mata sama. Aka fitar da kowa, har tsohuwar. Da aka ƙirga a tudu cikin duhu, yarinyar ce babu.

Da hantsi muka same ta, zanenta ya sarƙe a reshen itacen da ya fasa mu. Ni na kwance ta.

An tsare ni kwana huɗu, shugabannin ƙungiyarmu suka karɓo ni. Wannan bai dame ni ba, da an ƙara ma da na ji sauƙi. Abin da ya karya ni zuwa gaisuwa ne. Na durƙusa a ƙofar ɗakin tsohuwar na kasa buɗe baki. Ita ce ta ce, “Tashi, ɗana. Kwananta ne ya ƙare. Ni na roƙe ka.” Uban yarinyar ya ce sun yafe, ba sa neman ko kwabo. Wallahi da zagina suka yi da na fi samun barci. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma ni na san ƙaddara ba ita ta karɓi kuɗin mutum 55 ta sa a aljihu ba. Na je wurin malaminmu na faɗa masa komai ban rage ba. Ya ce kisan kuskure yana da kaffara ko da dangi sun yafe diyya, azumin wata biyu a jere. Na yi shi. Na kuma ɗauki fenti na ja layi a jikin sabon jirgin da na haɗa da bashi, na rantse in ruwa ya taɓa layin nan ko uwata ce a kwata ba za ta shiga ba.

Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, ina kwata na kwance ƙafar inji ina canza mai, wayoyi suka fara ƙara a lokaci ɗaya. Wani babban jirgi da ya taso daga Lokon Minna ta ɓangaren jihar Neja zai zo Wara ya rabe a tsakiyar ruwa. Na mayar da ƙafar injin ko ƙusoshi ban gama ɗaurewa ba. Da muka isa babu jirgi, babu ihu. Takalma ne kawai a kan ruwa, da robobi, da hular yaro. Mutum sama da 150 ke ciki, akasarinsu mata da yara da 'yan kasuwa, ga babura, ga buhunan ƙasar da ake haƙowa a wuraren neman zinariya. Waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai.

Kwanaki muka yi muna nema. Wanda ya san ruwa ya san ba ya riƙe gawa, bayan kwana biyu ko uku sai ya fara maido su, wani a nan, wani can nesa inda iska ta kai shi. Muka riƙa ɗaukowa muna jerawa, mata na zuwa suna buɗe fuska suna rufewa. Akwai wadda na ɗauko da goyonta a baya, majanyin bai ko kwance ba. Ban ci abinci ba ranar, ban kuma ci kifi ba har damina ta wuce, ni da aka yaye da romon kurungu.

Manya sun zo, 'yan jarida sun zo, an yi ta'aziyya, an ce lodi ne ya yi yawa, jirgin kuma ya tsufa. Gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai na yi ta jira wani ya tambaye mu abin da ke sa mutum mai hankali, wanda ya san ruwa, ya cika jirgi haka, da abin da ke sa uwa ta ga jirgi ya nutse har baki ta kuma miƙa ɗanta a shigar. Ba wanda ya tambaya, to bari in faɗa.

Na farko hanya. Wanda ke gaɓar yamma, ƙasar Borgu ko Agwara, in zai zo kasuwa gaɓarmu ta mota, sai ya gangara har madatsa ya zagayo, ko ya haura Rofia ya jira fito zuwa Zamare. Tafiyar awa ɗaya a ruwa ta zama ta yini guda, a kan hanyar da ta fi kama da kwazazzabo. Sannan ga 'yan bindiga. Mako uku kacal bayan abin Wara, ranar 17 ga Yuni, aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri aka kwashe ɗalibai da malamai. Tun daga lokacin mutane da yawa suka gwammace ruwa da daji. Na sha tashi tsakar dare in ji ana buga mini ƙofa, mutanen wani ƙauye ne sun gudo bakin ruwa da abin da suka iya ɗauka. Wa zai dubi wanda ya tsero wa bindiga ya ce masa jirgi ya cika, ya jira na gobe? A irin wannan dare layin fentina ma ban duba shi ba, sai dai na yi sawu uku maimakon ɗaya, ban karɓi ko sisi ba.

Na biyu mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce tallafi ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, mu kuma nan bakin ruwa a hannun 'yan bumburutu muke saye, sai ka ƙara wani abu a kai. Inji 75 ba ya shan mai, kwankwaɗa yake yi, ga baƙin mai da ake haɗa masa. Fasinjanmu kuwa matar da ta ɗauko kwanon gero biyar ce za ta sayar ta sayi gishiri da magani. In ka ninka mata kuɗin jirgi sau biyar, me ta je yi kasuwa? Sai direbobi suka koma haɗa sawu biyu a ɗaya. Jirage uku da ke tashi ranar kasuwa suka koma ɗaya, mutanen kuwa ba su ragu ba. A watan Oktoban 2023 wani jirgin ya kife da 'yan kasuwa da suka taso daga Kasabu ta Agwara za su Yauri, mutane da dama suka tafi.

Ni ma, mai azumin wata biyu, mai rantsuwa, na karya. Wata ranar kasuwa a ƙarshen 2023, bashin mai ya taru a kaina, na ga ruwa ya shafe layin ya hau da yatsa uku, na kau da kai na tayar da inji. Mun isa lafiya. Da dare yarona ya yi suɓutar baki a gida. Uwargida ba ta ce komai ba sai da yara suka kwanta. Ta ce, “Malam, in wani azumin kake marmari, ka bari Ramadan ya zo.” Ta juya ta ba ni baya. Tun ranar ban sake ba, amma ba zan yi wa kowa ƙaryar cewa zuciyata ba ta raya mini ba duk ranar da na bar mutum goma a kwata, na ga wani ya kwashe su a bayana.

An samu canji, ba zan hana ba. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta kafa dokar hana tafiya daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe, da dokar cewa ba rigar ruwa ba shiga jirgi, an kuma sa masu lura a wasu manyan kwatoci. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da madatsun wuta suka shafa, ta raba rigunan ruwa, ta kuma sa an sare kututture a wasu hanyoyi. Sarkin Ruwanmu ya tara mu ya ce duk wanda aka kama da lodin ganganci a kwatarsa zai ajiye inji mako biyu. Na ce, “Ranka ya daɗe, a fara da ni in na sake.” Amma kwata nawa ce a ruwan nan? Kowace tunga kwata ce, kowane gindin itace tasha ne. Mai lura na Wara ko Malale ba ya ganin abin da ake lodawa a ƙauyen da ko babur ba ya shiga.

Rigar ruwa kuwa, mu da fasinja duk muna da laifi. Ina da guda 30 a jirgina. Namiji zai ce shi ɗan ruwa ne, a Kwara aka yanke masa cibiya. Na ga 'yan ruwa da yawa a jere a kan tabarma a Wara. Wata ta ce zafi, wata ta ce wa ya san wanda ya sa ta jiya, mai goyo ta ce in ta sa ina za ta kai ɗan, kuma ita tata tambayar har yau ba ni da amsarta, don ban taɓa riƙe ta jarirai a hannuna ba. Wasu direbobin sun mai da nasu matashin kai, wasu na ga masunta sun farke su sun cire soson suna ɗaura wa taru. Ni dai yanzu ba na jayayya. In ka ƙi sawa, sai in kashe inji in ɗauko goro in fara ci. Sauran fasinja ne za su gama da kai.

A farkon Satumbar 2025, daidai lokacin da farin ruwa ke hawa, wani jirgi ya tashi daga Tungan Sule a gundumar Malale, cike da mutane za su Dugga gaisuwar mutuwa. Ya hau kututture kusa da Gausawa. Masu zuwa ta'aziyya aka koma yi wa ta'aziyya, mutum gommai. Da na ji labarin ban tambayi ko nawa ya ɗauka ba. Na tambayi shekarun direban. Domin abin da ke ba ni tsoro yanzu ke nan: waɗanda suka ga itatuwan nan da ganyensu sun kusa ƙarewa, mu da muka ji daga bakinsu mun fara furfura, yaran da ke riƙe inji yau kuwa da yawansu ba 'ya'yan ruwa ba ne, rashin aikin tudu ne ya koro su. Sun iya tayar da inji, sun iya gudu. Ka tambaye su me ke ƙarƙashinsu, sai su ce ruwa.

Shi ya sa 'yan shekarun nan, duk lokacin da ruwa ya ja, mu huɗu tsofaffin direbobi mukan haɗa kuɗin mai mu fita da igiya da tsofaffin jarkoki masu ruwan ɗorawa, mu ɗaure a kan kututturen da ke bakin hanya, da igiya mai tsawo yadda in ruwa ya hau jarkar za ta taso. Rabinsu ba sa kai hunturu. Iska ta tsinke wasu, wasu kuma mutane su kwance, don jarka kuɗi ce. Mu sake ɗaurawa.

Bana ɗana, wannan mai rubutun, ya ce zai bi mu. Ya gama karatunsa a Birnin Kebbi, aiki bai samu ba, ya dawo yana taya ni. Ya zo da wayarsa, ya ce akwai abin da in ya danna a kan kowane kututture, wayar za ta riƙe wurin, ko ruwa ya rufe shi za ta nuna. Ban yarda da abin ba sosai, wayar da ko kira ba ta iya yi a tsakiyar ruwa. Ya ce wannan ba ruwansa da sabis, da tauraron ɗan'adam yake magana. Na ce to. Na sa shi a gaba da gora duk da haka, na ce ya jera ƙoƙon dutse da giginyar tudu tukuna, ya soka, ya ji da hannunsa, sannan ya danna abin da zai danna. Muka bi su ɗaya ɗaya. Tsamiyar gidan liman. Maɗacin mahauta. 'Yan mata uku, waɗanda yanzu biyu suka rage. Kiryar maƙera. Ina faɗa yana rubuta sunan, har 43 a yini biyu.

Rana ta uku muka gangara tsohuwar fadama. Tun 2014 ban sake shiga wurin ba. Ga shi nan tsaye, baƙi ƙirin, ya fi mutum tsawo a saman ruwa, da reshe ɗaya da ya miƙe gabas. Kirya ce. Na kashe inji muka matsa da gora har jirgi ya jingina da ita. Na ɗaura jarka biyu maimakon ɗaya.

Ya ce, “Baba, wannan fa, me Kaka yake kiranta?”

Na ce ya faɗa mini, ban riƙe ba.

Ya ce to me zai rubuta, don wayar ba ta ajiyewa sai da suna. Ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya. Masuntan wurin sun daɗe da raɗa mata suna, kowa a ruwan nan ya sani, ɗana ne kawai ba a taɓa faɗa wa a gabana ba. Na ce ya rubuta sunana.